Damon Gindin Kuka

A ƙauyenmu, kusa da Toranke, akwai wata kuka a bakin ƙofar gidanmu, kuma a gindinta muka gina garinmu na wasa. Da kara da laka muka yi shi: ga fada, ga kasuwa, ga rijiya da muka haƙa da sakaina. Ni ne sarki, domin na fi sauran tsawo. Ƙanwata ce jakadiya. Garin kuma yana da dodonsa.

Dodon namu damo ne, babba, wanda ya kai tsawon hannun babban mutum har ya wuce. A kogon kukar yake zaune. Da hantsi yakan fito bakin rami ya miƙe yana shan rana, ido a lumshe, yana zaro harshe lokaci lokaci. Dodon tatsuniya cin yara yake yi, namu kuwa maƙwabci ne. Dokar wasan ita ce, ba mai shiga gari sai ya durƙusa ya ce, "Barka da hutawa, sarkin haƙuri." Muna kai masa gaisuwar fara a cikin ganye. In biyu suka yi faɗa, gabansa ake kai su. Wanda ya juya wa kai, shi ke da gaskiya. Wata rana ya cafke kunama dab da ƙafar ƙanwata, tun daga nan ba wanda ya ƙara shakkar cewa tsaronmu yake yi.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ta ɗaure mana gindi. Damo kan gidansu ne, wato dabbar da zuriyarsu ba ta ci, ba ta kashewa. Ba ta taɓa faɗa mana dalili ba. In na tambaya sai ta ce, "Kai dai maigidana, kana da mata kamata, me ya kai ka binciken dangina?"

Sai shekarar fari ta zo. Gyaɗa ba ta yi ba, gero ya tsaya a guiwa. Babana da ƙannensa suka tafi cin rani Kano, gida ya rage mata da yara. Da bazara ta kama, tuwo ya koma sau ɗaya a yini.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar wasa, da hantsi, sai ga wani mutum daga wajen Gafasa, da kare da gatari. Mun san fuskarsa, yakan kawo naman daji kasuwar Ajingi. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Damo na jin kare ya shige kogo.

Na miƙe na ce, "Malam, ba a shiga garin nan sai an gaida dodo."

Ya dube ni, ya dubi ramin. "To ranka ya daɗe, ai gaisuwar na kawo."

Ya tattara busasshen kashin shanu, ya zare karan katangar fadata, ya cusa a bakin ramin, ya ƙyasta ashana. Sai a lokacin na gane. Na ce wa ƙanwata ta ruga ta kira kaka.

Kafin kaka ta fito da sandarta hayaƙi ya fara shiga kogon.

Ta ce, "Kai ɗan nan, kashe wutar nan. Abin da ke ciki nawa ne."

Ya durƙusa ya gaishe ta yadda ya kamata, amma bai daina fifita wutar ba. "Iya, kuka a waje take. Abin da ke waje na mai rabo ne."

"Kan gidanmu ne. Tun kakan kakana ba a zubar da jininsa a ƙofarmu."

"Wannan zancen da ne, Iya. Tambayi liman ki ji. Ni 'ya'yana tafasa suke ci ba gishiri. Naman a ci, fatar a kai Kano."

Ban taɓa ganin an ƙure kakata da magana ba sai ranar. Gaskiya ya faɗa, kuma ta san gaskiya ce. Muka tsaya cirko-cirko, hayaƙi na fita ta wata kafa can sama da reshe, kare na haki yana zagaya kukar. Ƙanwata ta riƙe zanen kaka tana kuka ba sauti. Mutumin ya gyara riƙon gatarinsa, ya tsaya gefen ramin.

Ta kafar can ta sama damon ya fito. Muka ji ƙarar farce a jikin ɓawo, sai ga shi ya faɗo tim a tsakiyar kasuwarmu. Kare ya yi kansa. Damo ya kumbura wuya, ya yi huci, ya zabga masa wutsiya a hanci, karen ya ja baya yana kuka. Gatari ya sauka a ƙasa, tazarar yatsu kaɗan da kansa. Wannan dabba da muka sani da nawa, ranar na ga gudunta. Damon ya bi ta kan rijiyarmu, ya rushe fada, ya nufi zauren gidanmu. Kakata na tsaye a hanyar. Ta ɗage sandarta, ya wuce ta gefen ƙafarta.

Mutumin ya zare gatari ya bi shi da gudu, mu ma muka bi. Ya shiga zaure, ya kai ƙofar da ke fita tsakar gida, ƙafarsa ɗaya ta riga ta ƙetare dokin ƙofa. Daga nan yana hango damon ya lafe gindin rumbu, ya gaji, ba ya ko motsi. Taku kaɗan ne tsakaninsu. Mahaifiyata na bakin turmi ba mayafi, ta saki taɓarya ta juya baya.

Kakata ta iso a hankali, ta ce, "Masu gidan suna Kano. Shiga mana."

Ba ta ɗaga murya ba. Baƙon namiji iyakarsa zaure, kowa ya san haka, ballantana gidan da mazansa ba sa nan. Ya daɗe a tsaye, gumi na sauka a haɓarsa. Ni dai na tabbata zai shiga. Sai karen ya kutsa ta tsakanin ƙafafunsa, shi kuwa ya sunkuya ya damƙo shi ta wuya, ya janye ƙafarsa.

Ya ce, "Allah ya ba da haƙuri, Iya."

Bai tafi ba. Ya koma gindin kukar ya zauna, ya kafa wa ƙofarmu ido, ko damon zai fito. Azahar ta yi yana nan. Da la'asar kakata ta shiga ɗakinta, ta fito da ƙwarya da dawa a ciki, daga ɗan abin da ya rage mana. Mahaifiyata ta bi ƙwaryar da kallo.

Kaka ta ce da ni, "Ungo, sarki. Kai wa baƙonka, ka ce fansar dodo ce."

Na kai. Ya juye a jakarsa, ya miƙo mini ƙwaryar ba tare da ya dube ni ba, ya kira karensa.

Damon bai sake komawa kukar ba. Ƙarƙashin rumbu ya tare, mu ma muka kwaso garinmu muka dawo tsakar gida, inda kullum tsintsiyar mahaifiyata ke rushe mana kasuwa. Kazarmu guda ce ta rage, kuma duk ƙwan da ta saka shi ke shanyewa. Kakata takan tsaya bakin rumbun da sandarta tana yi masa faɗa: "Mara kunya! Da na sani na bar wa mai kare." Amma ba ta yarda ko tsakuwa a jefa masa ba, har ruwan farko ya sauka, ya fita ta rariya ya shiga gona.