Sunan da Aka Ba Ruwa Ajiya

Sau uku malamar da ke duba aikina tana dawo mini da takardata. Na ce zan yi binciken digiri na biyu a kan yadda mawaƙan zamani ke yin suna, ta ce wannan ai kogi ne, ba batu ba. Ta ba ni mako guda: ko in taƙaita shi, ko in jira baɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina cikin motar komawa gida Illela sai Kaka ta faɗo mini a rai, Allah ya jiƙanta.

Muna yara, da an idar da magariba mukan kewaye murhunta, tana tura karan gero cikin wuta. Da ni take fara tsokana: "Matso nan, angona, raggon miji. Yau sai ka kwana ido biyu."

Ta ce an yi wani mai kukuma a Kalmalo, murya gare shi kamar zuma, amma ba mai tsayawa saurarensa. Ba shi da sanƙira, wato mai tsayawa gefen mawaƙi yana kururuta sunansa ga jama'a. Wata rana yana zaune bakin tafki yana hawaye, sai murya ta fito daga ruwa: "Ni zan yi maka sanƙiranci. Ba ni sunanka in riƙe." Bawan Allah bai tambayi ranar maidowa ba, ya ce ya bayar.

Kafin lokacin girbi ya yi, sunan ya tsallaka Konni, mata na daka da waƙarsa. Ya saɓi kukumarsa ya shiga kasuwa, ya ce ga mai waƙar ya zo. Aka bushe da dariya. Ya rera, aka ce kwaikwayo yake yi. Da ya koma gida, uwar da ta haife shi ta leƙo ta ce, "Baƙo, wa kake nema?"

A nan Kaka takan yi ƙasa da murya. "Har yau masunta na jin ana kiran sunan ga cikin ruwa. In kun jiya, kar ku amsa."

Na taɓa tambaya, "Kaka, mi as sunanai?"

"Kai, ruhwa min asiri! So kaka yi in taya muryar ruwan aiki?"

Tatsuniyar nan ce ta cece ni. Na bar mawaƙan, na koma kan sanƙirorin yau: masu tura wa mutane waƙa a waya a kasuwar Illela, su da ke zaɓar wadda za a ji. Malama ta sa hannu, har da murmushi.

Ranar kasuwa ina hira da ɗaya daga cikinsu a rumfarsa, wata waƙa na tashi, sai wani manomi daga Lafani ya ja ya tsaya.

"Wagga muryata ta," in ji shi. "Wurin bukin ƙanena na rera ta, wani yad ɗauka da waya."

Mai rumfa ya nuna masa wayar: sunan wani ne a kai, hoton ma na wani. Aka bushe da dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na buɗe littafina na ce, "Baba, ba ni sunanka in rubuta."

Ya kalli birona, ya girgiza kai.

"A'a, ɗana. Na taɓa ba wani, har yau bai maido ba."

Na gama digirin. A jerin waɗanda na yi hira da su akwai layi ɗaya, na manomin nan, da na bari babu suna, duk da Malama ta yi faɗa. Sai a ranar kasuwar nan na gane abin da ya hana Kaka faɗin sunan.