Gezar Goɗiyar Babana

Har yau in na ji ƙanshin dusa jiƙaƙƙa da ruwan kanwa, sai in tuna da ƙuruciyata. Abincin goɗiyar babana ke nan, a gidanmu na Gure.

Ni ce ƴar fari. Kun san al'ada, babana bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "yarinyar nan". Amma goɗiya, ja mai farin goshi, yana da sunaye uku da yake mata kirari da su. Da damina shi yake yanko mata ɗanyar ciyawa, da rani ya ɓoye mata harawa. Yakan tsaya a bakin turke yana tsefe gezarta da yatsunsa, ni kuwa ina leƙe ta bayan rumbu, kitsona ya yi wata biyu.

Wata Juma'a, da maza suka tafi masallaci, na ɗauko almakashin kakata na sausaye gezar nan tas. Nufina ta yi muni ya daina sonta. Da ya dawo ya daɗe yana kallo. Na so ya kira ni, ko da duka ne. Sai ya ce wa kakata a riƙa ɓoye almakashi.

Bayan kwanaki wasu fatake suka zo daga Nijeriya neman dawakin ƙwallo, wasan da ake ce wa folo. Babbansu ya shafa wuyanta ya yi dariya, ya ce ai dawakin folo dama aske musu geza ake yi, don kada ta sarƙe linzami. Suka gwada gudunta, suka saye ta, suka sa ta a mota.

Kakata ta raɗa mini, "To, wadda ake so a fili ta tafi. Wadda ake kunya tana nan."

Ban samu sauƙi ba. Masu kantin da ke zuwa Kano saro kaya suka riƙa kawo labari: ta yi suna a Kano, in ta shiga fili mutane miƙewa suke. Babana ya riƙa maimaita wa kowane baƙo, har ya rasu.

Yanzu zamani ya sake. Ɗana yana saɓa ƴarsa ta fari a kafaɗa, yana kiran sunanta a tsakiyar kasuwa. Nakan yi murmushi in sa musu albarka. Amma Allah ya yafe mini, jikata ce, kuma ina kishinta.