Duk Wayoyin Ja Ne

Yayana ne ya mayar da motar marigayi Babanmu rumbu. Wai ɗakin ajiya yana yoyo, sai ya danƙara buhunan gyaɗa a kujerar baya ya kulle. Na yi magana, ya ce motar da ba a hawa sai da dalili, me zai same ta? To, ɓeraye suka ci gyaɗa, suka zarce kan wayoyi.

Ba mu sani ba sai ranar da aka aiko daga Bici cewa jikin Kawu, yayan Inna, ya yi tsanani, yana ta kiran sunanta. Tun rabon gonar gado ba sa ga-maciji. Inna ta ce a kai ta su yafi juna. Ciwon ƙafa ba ya barin ta hau babur, ƙauyenmu kuwa da damina motar haya ba ta shigowa. Na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba.

Na ɗauko mai wayarin, wato mai gyaran wayoyin mota, daga bakin titi. Ya ɓalle gaban motar, ya zaro damin wayoyin, ya ja tsaki. Ya ce ɓarnar ɓera mai sauƙi ce, a haɗa ja da ja, kore da kore. Amma wanda ya yi wa Baba gyara a da ya sauya su duka da jar waya, da alama ita kaɗai gare shi. Don Allah wane irin aikin banza ne wannan? Ya ce dole sai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya haɗa wannan, na danna hon, fitila ta kama. Ya sauya, fis ya ƙone. Wallahi kamar in cinna mata ashana. Yayana kuwa yana gindin dalbejiya yana rabon shawara. Ban tanka masa ba, don in na buɗe baki sai an raba mu.

Kullum da safe Inna sai ta yafa mayafi, ta zauna a zaure da ƙullin kayanta, ta tambaye ni ko yau ne. Ni kuma in ce mata saura kaɗan.

Ranar da motar ta tashi, ana naɗa salatif na ƙarshe, aka kira yayana daga Bici. Na ji ya yi salati. Inna ta leƙo, ta dubi fuskokinmu. Sannan ta ɗauki ƙullinta.

"Tunda ta tashi, mu je," ta ce. "Ko 'ya'yansa na roƙa su yafe mini."