Ranar da na ƙi jiran ɗumame

Ina aji shida na firamare a Tafoki aka kawo mana maganin tsargiya. Tun ana gobe hedimasta ya faɗa, ya kuma maimaita: kowa ya ci ya ƙoshi kafin ya zo, maganin ba ya son cikin da ba komai. Na ji shi sarai.

An kwana ana ruwa, itace ya jiƙe, Inna tana ta hura wuta hayaƙi kawai ke tashi. Ni kuwa ban iya jira ba, har yau. Ta ce, "Tsaya mana, yanzu ɗumamen zai yi." Na ce ƙanwata ta haɗa da rabona, na ɗauki jaka na fice.

A makaranta aka jera mu, ana tsayar da kowa jikin wata sanda mai zane, tsawonka ne zai nuna ƙwaya nawa za ka sha. Ni doguwa ce, aka ba ni uku, manya, masu ɗaci. Matar da ke rabawa ta tambaya ko na karya. Na ce e, don kar a fitar da ni daga layi. Kafin a tashi tara juwa ta ɗebe ni, na yi amai har a hijabina, 'yan aji suna dariya.

Kunyar ce ta koma mani fushi. Na shiga gida ina kuka.

Inna ta riƙe ni. "Mi suka ba ki?"

"Guba, Inna. Yara uku sun suma."

Babu wanda ya suma. Ban tuna mata cewa ban karya ba, ita ma a ruɗe ba ta tuna ba. Dama ana raɗe-raɗin irin maganin nan na hana haihuwa ne. Nan take ta rantse ɗiyanta sun gama shansa. Daga shekarar, duk ranar rabo sai ta hana ƙanwata zuwa makaranta, ta ɗora mata wanki ta tura ta tafki.

Da na shiga sakandare a Faskari aka koya mana yadda abin yake: tsutsa ce ke fita daga katantanwa, ta ratsa fatar wanda ya tsaya cikin ruwa. Na rubuta a jarrabawa, na ci. Da hutu na tarar da ƙanwata cikin tafki har gwiwa, na ce ta fito.

Ta ce, "To 'yar boko, ina zan yi wankin? Cikin littafinki?"

Na ja tsaki na tafi. Abin da ya kamata shi ne in zaunar da Inna in ce ƙarya na yi. Ban yi ba. Ni da ke faɗa wa kowa gaskiyarsa a fuska, tawa ta gagare ni. Ko da yarinyar ta fara ganin ɗigon jini a ƙarshen fitsari, Inna cewa ta yi girma ne ya zo, ta sa ta ajiye salla kwana biyu. Ina jin su, a raina na ce zai wuce.

Yanzu shekararta huɗu da aure a Damari. Ciki biyu ya zube. Ciwon mara kullum, ana ta ba ta jiƙon maganin sanyi. Bara na gaji, na ɗauke ta muka tafi asibiti a birni. Likitar, mace ce, ta ce tsargiya ce ta daɗe, ƙwan tsutsar ya bar tabo a mahaifa. Magani zai kashe tsutsar, amma tabon ba ta yi alkawari ba, haihuwa kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ce ciwon ya cika ƙasashe da yawa, shi ya sa ake bin makarantu da maganin kyauta. "Ku ba a raba maku ba?"

Ƙanwata ta ce, "An raba. Innarmu ce ta hana, don ya kusa kashe yayata." Ta dafa ni, tana tausaya mani.

A mota na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta juya tana kallon gonaki har muka kusa Sabuwa. Sannan ta ce, "Yaya, kar ki faɗa ma Inna. Ita a ganinta cetona ta yi."

"Ni fa? Ba abin da za ki ce mani?"

"Mi zan ce maki?"

Na fi son da ta zage ni.

Ban faɗa wa Inna ba. Ƙanwata ta sha maganin, mijinta ya haƙa rijiya a gida. Yanzu tana da ciki wata biyu, na farko da na biyu duk a wata na uku suka tafi. Kullum da safe nakan kira ta. Ba ma doguwar gaisuwa. Takan ce, "Yana nan," ta kashe wayar.