Kukan da Ke Ƙarƙashin Mota

Har yau in na shiga mota sai na cire takalmi na dafa ƙasan da tafin ƙafa. Jikokina dariya suke yi mini. Ina ƙyale su, don ba su san abin da nake saurare ba.

A zamanin Turawa, lokacin da motocin Jalingo ba su cika yatsun hannu biyu ba, ni ne bakaniken da ake ji da shi, kuma na fi kowa sanin haka. Sanda nake ɗorawa a jikin inji in kanga kunne, in gaya maka filogin da ya mutu. Ƙanena shi ke tuƙa wata tsohuwar lori mai bodin katako zuwa garin Mutum Biyu, ni ke duba masa ita.

Wata Juma'a da hantsi, na riga na yi wanka na sa farar riga, sai ga shi a ƙofar gidanmu da ke Sintali, mota cike da kaya da mutane.

"Hamma, zo ka ji mini. Tsohuwar nan ta hana ni sakat."

Tsohuwar da yake nufi wata Bamumuya ce mai sayar da doya. Shekara da shekaru wuri ɗaya take zama a bayan motar, a tsakiya, ƙafa ba takalmi.

"Yaro na," ta ce da ni, "mota naka yana kuka. Ba a gaba ba. A ƙasa, wajen ƙafa na."

Mutane suka yi dariya, ni ma na taya su. Mai doya ce za ta koya mini mota? Na buɗe bonet, na sa sandata. Inji lafiya lau. Na goge filogi, na hura kafireto, na sa ƙanena ya taka mai har ƙasa ta girgiza.

"Inna, kin ji? Ko ta Razdan ba ta fi wannan lafiya ba."

"Ka duba ƙasa."

A ƙasan akwai farfela, dogon ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin baya. In mota na tsaye ba ta juyawa, saboda haka ba ta kuka. Na san wannan sarai. Amma kafin in gan ta sai na kwanta cikin baƙin mai da farar rigata, a gaban jama'a, bisa maganar mai doya. Girman kai rawanin tsiya. Na rufe bonet na ce su tafi.

Ita kuwa ta sauke doyarta a ƙofar gidanmu, ta ce yau ba ta zuwa kasuwa.

Muna fitowa daga masallaci labari ya iske ni. Sun wuce Nukkai da nisa, a kan gangare, farfela ta kwance daga gaba ta caki ƙasa, motar ta wuntsila. Fasinjoji sun ji raunuka, sun tashi. Ƙanena bai tashi ba.

Na isa wurin da la'asar, rigar tana jikina, fara tas. Motar na kwance a kwari, tayoyi a sama. Notuna huɗu ne ke riƙe da farfelar, ba ko ɗaya a wurin, ramukansu sun siɗe har suna ƙyalli, alamar sun daɗe suna rawa. Ɗaure su bai kai shan kunu ɗaukar lokaci ba.

A tsaye na ga wannan duka. Ban ko sunkuya ba, motar ce da kanta ta juyo mini cikinta.