Farantan da Na Rungumo Har Argungu

Mun tashi da asuba daga Gwadangaji, ni da abokiyar aikina, kular riƙe sanyi tana bisa cinyata. A ciki akwai faranti arba'in na abincin ƙwayoyin cuta, wani abu mai kamar kamu da muke dafawa a ɗakin gwaji mu zuba ya kwanta. Da su za mu gwada ruwan wani ƙaramin kamfani a Argungu, wanda maganin tarin yaransa ke jibge a sito yana jiran sa hannuna. Farantan nan sun fi jariri tsirfa: ba sa son zafi, ba sa son daskarewa, kuma a kife ake ajiye su.

Direba ya so ya cusa kular a but ɗin mota tsakanin buhunan albasa, na ce sai dai ya sauke ni. Haka muka ratsa fadamun shinkafa, kowane rami sai na ji shi a ƙirjina. Wata tsohuwa ta yi ta tambayata ko fura ce.

Da isarmu na damƙa kular ga mai kula da sito, dattijo sa'an mahaifina, na ce ya sa a firiji. Muka shiga ɗibar ruwa daga rijiyar burtsatse da tankuna, aka kawo mana tuwon shinkafa da kifi, sai bayan azahar muka dawo.

Firiji wayam. Dattijon ya taho yana fara'a.

"Ɗiyata, babu wuta tun jiya. Na kai su ga mai ƙanƙara, can sanyi ya hi."

A kansa ya ɗauka har kasuwa. Aka dawo da kular na buɗe, duk farantan sun daskare sun tsattsage, suna narkewa suna tsiyayar ruwa. Raina ya ɓaci matuƙa, ga shi ba dama in ɗaga murya ga mai furfura. Manajan kamfanin ya ce ai sun narke, mu lallaɓa haka. Na ce farantin da ya daskare yana iya nuna ruwa mai ƙazanta a matsayin mai tsabta, kuma yara ne za su sha. Ban sa hannu ba.

Mun dawo Birnin Kebbi da la'asar. Laifina ne: na ba da umarni ban faɗi dalili ba, ban kuma leƙa firijin ba. Maganin zai ƙara mako guda a sito, ni kuma gobe zan sake ɗora tukunya.