Faifan Malam Bahago

Malam Bahago tela ne a Limancin Kona, unguwar da ake karatu a kowane zaure. Tun yana saurayi ya sayi wani faifan garmaho a hannun wani ɗalibin jami'a a unguwar Kongo. Wata baƙar Ba'amurkiya ce ke waƙa a ciki, wadda ko a rediyo ba a taɓa sa ta ba. Bahago ba ya jin Turanci, amma yakan ce matar nan ta san yadda ake riƙe kuka a maƙogwaro. Shekara arba'in yana ɗinki da muryarta.

Da tsufa ya zo, ido ya tafi, hannu ya kama rawa, sai ɗansa Zaharaddini ke ɗora masa faifan. Shi kuwa Zaharaddini limanci yake nema, kuma abokansa sun fara kiransa ɗan gidan kiɗa. Bai fasa faifan ba, don kada a ce ya saɓa wa uba. Sai ya ɗora shi kan kwanon rufi da tsakar rana, ya bar shi ya lanƙwashe.

Da yamma ya sa wa tsohon. Muryar ta fito tana ja, tana lilo.

"Zaharaddini, me ya same ta?"

"Lafiyarta lau, Baba. Kunnenka ne ya bi idon."

Bahago ya daɗe yana saurare, sannan ya ce a kashe. Har ya rasu bai sake tambayar faifan ba.